Tafinta a Bakin Ruwa

Yaya ce ta zaɓi tsibirin, ni kuwa na ɗauki sauran wahalar, kamar yadda muka saba tun muna yara. Ranar wata Litinin ta zo asibitin haƙorin da nake aiki, don ranar ce take wanke akwatin kifin da ke ɗakin jira. Ta ajiye bokiti da soso, ta shimfiɗa wata takardar talla a kan littafin da nake rubuta sunayen masu ganin likita. Hoton wata mata ce a ƙarƙashin teku, da tulun iska goye a bayanta, kifaye rawaya sun kewaye ta. Yaya ta ɗora yatsa a kan matar, sannan ta nuna ƙirjinta.

"Ni ce wannan," in ji ta.

In na ce Yaya ta ce, da hannu nake nufi. Zazzaɓi ya ɗauke mata ji tana da shekara shida, ni ina da huɗu. Kafin a kai ta makarantar kurame mun riga mun ƙirƙiro namu yaren hannu a tsakar gida, har yau kuma shi muke yi in muna tare. Sunana a wannan yaren shi ne ka kai hannu gaban baki ka yi ta buɗe yatsu kana rufewa. Mai surutu ke nan. Ban taɓa yafe mata wannan sunan ba, ban kuma taɓa samun bakin musa shi ba.

"Shekara ashirin da biyu ina wanke wa kifaye gilashi," ta ci gaba, "bankuna, otal-otal, asibitoci. Kullum ni ce a waje ina leƙa su. Ina so sau ɗaya in je gidansu na gaskiya, su ma su leƙa ni."

Na dube ta. Yaya ba ta roƙo. A iya sanina ba ta taɓa cewa tana son wani abu don kanta ba, ko da ɗankunne ne. Na ninke takardar na saka a jaka, na ce mata ta ɗauka ta je ta dawo.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu, kada a ce na ɓoye. Ni ba tafinta mai gaskiya ba ce. Shekara arba'in da 'yan kai ina tsaye tsakanin Yaya da mutane, kuma babu maganar da take bi ta hannuna ban rage mata gishiri ba. Hannun Yaya kaifi gare shi. Wani manajan banki ya taɓa kiranmu yana ta faɗa wai kifinsa ya mutu bayan ta wanke akwatin. Yaya ta dubi gawar kifin, ta dubi tumbin manajan, ta ce, "Gaya masa ɗura ya yi masa, irin wadda yake yi wa kansa." Na juya na ce, "Ranka ya daɗe, ta ce a yi haƙuri, a ɗan rage abincin." Haka nan in maganar daga wancan ɓangaren ta fito. In wata ta langaɓar da kai ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, abin tausayi," sai in ce wa Yaya an yaba aikinta. Ni ban ɗauki wannan ƙarya ba, shara na ɗauke ta, irin wadda ake yi wa ƙofar gida.

Mako biyu na yi ina tsara tafiyar. Jera mutane a kan lokaci dama shi ne sana'ata. Na samo babbar takarda na ja layuka da rula, kowace rana da gidanta. Litinin tsohon gari, mai lungunan da mutum biyu ba sa iya jerawa da ƙofofin katako masu sassaƙa. Talata gonar kayan ƙamshi, inda aka ce za mu ga kanumfari a kan bishiyarsa. Laraba nutso. Alhamis hasumiyar da ke haska wa jirage hanya, matakala ɗari da wani abu. Juma'a wurin kiwon manyan kunkuru. Da gangan na sa nutson a tsakiya, don na karanta cewa wanda ya shiga ƙarƙashin teku ba ya hawa jirgin sama sai ya kwana ya yini. Ni kuwa a ranar Larabar na rubuta wa kaina zama a cikin kwale-kwale, da hula mai faɗi da lemo mai sanyi. Na liƙa takardar a jikin firij. Yaya ta sauko daga ɗakinta da ke saman namu, ta karanta daga sama har ƙasa, ta yi hamma. Sai ta ɗauki jan biro ta zagaye Laraba sau uku, har takardar ta kusa hujewa.

Fasfo ya fito, tikiti ya zo hannu, an kama mana masauki mai taga tana kallon teku. Saura mako shida sai ga saƙo daga masu kai mutane nutso a tsibirin. Suka ce sai Yaya ta zo da takarda daga wani malamin nutso na nan gida, mai shaida cewa ta koyi abubuwan farko a tafkin iyo. In babu takardar, ko ƙafarta ba za ta taɓa ruwansu da tulu a baya ba.

Na bincika na samu wani otal mai tafki, inda wata mata take koyar da mata zalla kowace Asabar da safe. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, da usur rataye a wuya. Tun daga ƙofa Yaya ta raɗa mata suna, ta kai yatsu biyu baki ta kumbura kumatu: Mai Usur. Matar ta saurari bayanina har ƙarshe, tana kallon Yaya, Yaya kuma tana kallon ruwan kamar wadda ta hango wani nata.

"Anti, ba zan ɓoye miki ba," in ji Mai Usur. "Ban taɓa koyar da kurma ba. A ƙarƙashin ruwa in wani abu ya taso, ƙarfe nake bugawa a jikin tulu, kowa ya juyo. Ita fa?"

"Ai tana gani," na ce.

"In ta ba ni baya fa?"



"Ga abin da zan iya," ta ce. "Dama ba a nutso mutum ɗaya, kowa da abokin tafiyarsa. Ke za ki zama tata, tunda ke kika san yarenta. Ku koya tare, ku ci gwaji tare, in sa hannu a takarda ɗaya mai sunanku biyu. In kin faɗi, ba zan sa mata hannu ba. Rai ne, ba wasa ba."

Ni ce fa wadda ba ta taɓa shiga abin da ya wuce gwiwarta ba. Ko wanka nake, ba na yarda ruwa ya zubo mini a fuska, da tsumma nake wanke ta. Yaya ta taɓa kafaɗata.

"Me ta ce?"

Hannuna ya riga hankalina. "Ta ce tana murna da zuwanmu. Ni ma abin ya ba ni sha'awa, zan koya."

Yaya ta daɗe tana kallona. "Ke?"

"Ni. Mutum ba ya canzawa ne?"

Ta taɓe baki ta koma kallon ruwanta. Na juya na ce wa Mai Usur ta rubuta mu mu biyu.

Asabar ta farko aka ɗora mana kaya: riga mai rufe jiki har wuyan hannu, wata rigar a samanta wadda ake hura wa iska, ɗamarar dalma, takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa, gilashin fuska mai rufe ido da hanci, sai tulun da tiyonsa da ake ciza a baki ana shaƙar iska. Na miƙe tsaye da kyar, na ji kamar an goya mini injin niƙa. Yaya ta sauka matakalar tafkin ta nutse, shi ke nan. Sai ka ce a can aka yanke mata cibiya. Mai Usur ta koya wa ajin alamun hannu na masu nutso: lafiya lau, akwai matsala, mu hau, mu sauka, iskata ta ƙare. Sauran matan uku suna ta cakuɗa su suna dariya, Yaya kuwa sau ɗaya ta gani ta riƙe, har tana gyara wa ta kusa da ita yatsu.

Ni a ranar abin da na iya shi ne in durƙusa inda ruwan bai kai ƙirji ba, in tsoma kai, in ja numfashi uku ta tiyo, in miƙe ina salati. Asabar ta biyu na sauka wurin zurfin, riƙe da hannun Mai Usur har sai da ta yi ƙara. Ta uku aka ce kowa ya ɗan ɗaga gilashinsa ruwa ya shiga, sannan ya hura iska ta hanci ya kore shi. Na yi, da hawaye, amma a cikin ruwa wa zai gani? Abu ɗaya ya rage, shi ne gwajin Asabar ta huɗu. Ka durƙusa a ƙasan tafkin, ka cire gilashin gaba ɗaya, ka zauna minti ɗaya fuskarka tsirara kana numfashi ta baki, sannan ka mayar ka kore ruwan.

Tun makon farko na sayi gajeren bututun numfashi irin na masu iyo, na cika babban daro a banɗaki. Kullum in na taso daga aiki da la'asar sai in durƙusa a gabansa, bututu a baki, in kifa fuska. Maigidana malamin tuƙi ne, ya saba da masu rawar jiki, don haka ya kifa bokiti ya zauna a bakin ƙofa da agogo a hannu.

"Sakan tara," ya ce ranar farko da na ɗago ina tari. "Madalla. In kina ƙara ɗaya kullum, kafin tikitin ya ruɓe kin kai."

"In ba za ka taimaka ba, tashi ka ba ni wuri."

"Ina taimakawa mana. Ba ga shi ina ƙirgawa ba?"

Matsalar hanci ce. Hancina bai yarda an sallame shi daga aiki ba. Da ruwa ya taɓa shi sai ya ja, in ji abin ya harbe ni har tsakiyar kai. Na gwada tunanin wani abu, na gwada lissafa sunayen marasa lafiyar gobe, na gwada zagin hancin a zuci. Sakan ashirin, sakan talatin da biyu. Idona ya yi ja, har likitanmu ya tambaye ni ko lafiya a gida.

Wata rana maigidan ya ajiye agogon a gwiwarsa, ya daina wasa.

"Malama tafinta," ya ce, haka yake kirana in zai faɗi abin da ba na so, "me zai hana ki gaya mata gaskiya? Yayarki ce, ba jaririya ba."

"In na gaya mata, da hannunta za ta yaga tikitin. Ka san ta. Ba za ta yarda in shiga ruwa dominta ba."

"Wataƙila kuma tana da wata dabarar da ke ba ki da ita."

"Wace dabara? Wa zai saurare ta in ba ni a wurin?" Na share fuska da tawul. "Abu ɗaya ta taɓa nema a rayuwarta. Ko ana ha-maza ha-mata sai ta shiga tekun nan. Ɗauki agogonka."

Ya ɗauka. Saura kwana uku gwaji na kai minti ɗaya cif a cikin daro, na ɗago ina haki, maigidan ya tafa mini har maƙwabta suka leƙo. Na kwana da tabbacin cewa na gama da hanci.

Ashe daro daban, tafki daban. Ranar Asabar ɗin muka durƙusa a ƙasan wurin zurfin, mu biyar a jere, Mai Usur a gabanmu. Ta nuna Yaya. Yaya ta cire gilashinta kamar mai cire ɗankwali, ta riƙe shi a cinya, ido buɗe, kumfa na fita daga bakinta a hankali. Minti ya cika ta mayar, ta hura, ta yi alamar lafiya lau. Sauran ukun suka yi nasu, wata da kyar, wata da sauƙi. Sai yatsan ya zo kaina.

Na kama gilashin da hannu biyu. Na ce wa kaina daro ne, maigida yana bakin ƙofa a kan bokitinsa. Na cire.

Sanyi ya mare ni a fuska, komai ya zama hazo. Na ja numfashi ɗaya ta baki, na biyu, na uku. A na huɗu kumfar da na fitar ta bi ta gefen hancina, hancin kuwa ya ja. A daro in haka ta faru, ɗaga kai kawai nake yi. A nan sama tana can nesa. Na tofar da tiyon, abin da aka ce kada a taɓa yi, na taka ƙasa da ƙarfi zan yi sama a guje, abu na biyu da aka ce kada a taɓa yi.

Wani hannu ya damƙe rigata ta gaba. Kafin in fizge an tura mini tiyo a baki an danna, iska ta cika shi. Ba na gani, amma na san hannun, don a cikinsa na girma. Yaya ta kama tafin hannuna ta manna a ƙirjinta, ta ja numfashi mai tsawo, ta sake, ta sake ja, har nawa ya bi nata. Sannan ta matse yatsuna sau biyu. A yarenmu na tsakar gida wannan yana nufin ina nan, alamar da muke yi in an ɗauke wuta ba a ganin hannu. A haka ta hau da ni, a hankali, yadda aka koya mana, ba ta sake ni ba sai da ta zaunar da ni a kan matakala.

Na yi tari har na ga taurari. Da na samu numfashi, abin da na fara cewa Mai Usur shi ne, "A sake."

"Anti, ki huta tukuna."

"Na huta. A sake."

Aka sake. Wannan karon na kai sakan ashirin da wani abu, na yi alamar matsala da kaina, aka hau da ni. Na ce a sake na uku. Na yi ta kokawa da igiyar gilashin, na kasa ɗaura ta. Mai Usur ta karɓe shi daga hannuna.

"Ya isa," ta ce. "Na ga ƙoƙarinki, wallahi na gani. Amma teku ba tafki ba ne. Ba zan tura ki can a haka ba."

"Jirginmu saura kwana goma sha biyu. Ki ba ni Asabar ɗaya. Ki ba ni Laraba, in ɗauki hutu a wurin aiki. Kullum zan zo in kina so."

"Ba yawan zuwa ba ne, Anti."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na gaya mata shekara ashirin da biyu, na gaya mata daro, na gaya mata tikiti da masauki mai taga. Yaya ta taɓa kafaɗata.

"Me take cewa?"

Na ɗaga hannu. "Ta ce mun yi ƙoƙari, saura ɗan..."

Yaya ta kama hannuwana biyu ta haɗe su ta danna a cinyata. A wurinmu wannan daidai yake da a toshe wa mutum baki, kuma rabon da ta yi mini haka tun muna 'yan mata. Ta sake ni ta juya wurin Mai Usur. Ta ɗauki ɗan farin allon da ke rataye a rigar matar, wanda ake rubutu a kai cikin ruwa, ta rubuta wani abu gajere ta nuna mata. Mai Usur ta karanta, ta dube ni, ta dubi Yaya. Yaya ta gyara gilashinta ta yi alamar masu nutso: mu sauka.

Suka sauka su biyu suka bar ni a kan matakala.

Na sunkuya ina leƙe. Ina hango su a ƙasa, baƙaƙen siffofi biyu suna fuskantar juna, hannuwa suna motsi. Amma kumfarsu tana tasowa tana karya fuskar ruwan, yatsun suna lanƙwashewa suna narkewa, ko kalma ɗaya ban iya karantawa ba. Na matsa gefe, na durƙusa, na kare ido da tafin hannu, a banza. Na ga sun yi iyo zuwa can ƙarshe, Yaya a gaba, Mai Usur a bayanta. Na ga sun tsaya, sun haɗu, sun rabu, sun sake. Tunda na yi wayo ba a taɓa yin magana da Yaya a gabana ban san me ake cewa ba. Na ji haushi, na ji tsoro, na kuma ji wani abu mai kama da kishi, ba zan yi ƙarya ba.

Sun fi minti goma. Da suka fito Mai Usur ta tofar da tiyonta tana dariya har tana riƙe bango.

"Anti," ta ce da ni, "sau uku ina komawa bayanta ina yin kamar iskata ta ƙare. Ko sau ɗaya ban gama alamar ba, ta riga ta juyo ta miƙo mini tiyonta na biyu. Masu ji jira suke a buga musu ƙarfe. Ita ba ta ƙirga biyar ba ta waiwaya ba." Ta share fuska. "Kuma ke da na ce ki tsare ta, a gabana ita ta fito da ke. Ni ce na juya abin. Kawo takardar."

A bakin tafkin ta cike ta, a kan gwiwarta, da suna ɗaya. Ta ƙara layi biyu a ƙasa don malamin tsibirin, ta nuna wa Yaya ta karanta, ba ni ba. Yaya ta gyaɗa kai, ta yi mata alamar usur da kumbura kumatu, matar ta sake fashewa da dariya. Ashe har sunanta an gaya mata a can ƙasa.

A ɗakin canza kaya na zauna a kan benci da tawul a kai. Abin da na yi mako huɗu ina nema ya samu, ga takardar a jakar Yaya, amma ƙirjina ya yi nauyi kamar ban cire ɗamarar dalmar ba. Yaya ta zauna a gabana tana taje kai.

"Me kika rubuta mata a allo?" na tambaya.

"Na ce ta gwada ni, ba ke ba."

"Wato kin sani."

"Tun ranar farko. Bakinta a fili yake, har na fi karanta shi da naki." Ta ajiye matajin. "Kin ɗauka ban san me manajan bankin nan ya ji ba? Mutumin da aka ce masa mai tumbi ba ya murmushi ya ce na gode. Da masu cewa abin tausayi, kin ɗauka ban san fuskar tausayi ba? Shekara arba'in ina kallon bakinsu, sannan in kalli hannunki, in ga yadda kika gyara."

Kunya ta rufe ni. "To me ya sa ba ki taɓa cewa komai ba?"

"Gyaranki ya fi maganarsu daɗi."

"Daro fa? Kika bar ni ina shan ruwa mako huɗu?"

"Maigidanki yana hawowa kullum ya nuna mini sakan nawa kika yi, da yatsu." Ta ɗan yi murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Na so ki ci, mai surutu. Ba don takarda ba. Na so ki gan su tare da ni."

A nan na yi kukan da ban yi a cikin tafki ba, da sauti, har mai share ɗakin ta leƙo ta koma.

Da muka isa gida na cire takardar daga jikin firij. A gidan Laraba, inda a baya na soke zaman kwale-kwale na rubuta nutso mu biyu, na sake sokewa na mayar da hulata mai faɗi. Sai na buɗe waya zan rubuta wa mutanen tsibirin. Na fara da cewa yayata tana da 'yar matsalar ji kaɗan, amma ni zan kasance kusa. Yaya tana karantawa ta saman kafaɗata. Ta zare wayar daga hannuna, ta goge duka, ta rubuta: Ni kurma ce. Ga takardata. Ku ba ni abokiyar tafiya mai kallon mutane. Ta aika kafin in ce a ƙara gaisuwa.

Na tsaya ina kallon jan zagayen nan uku. Ranar Laraba za ta juya baya a gefen kwale-kwale ta faɗa teku da wata baƙuwa, ruwa ya rufe, ni kuwa in zauna a sama da lemona ina kallon kumfa. Duk abin da za a ce mata a can, da duk abin da za ta ce, ba ta hannuna zai bi ba.

"In kin fito," na ce, "za ki gaya mini abin da kika gani? Duka?"

Yaya ta karɓi takardar ta mayar jikin firij, ta daidaita ta da kyau, sannan ta juyo.

"Zan gaya miki," ta ce. "Abin da zai sa ki baƙin cikin ba ki je ba kuma, in cire. Na koya a wurin gwana."

Ta matse yatsuna sau biyu, ta ɗauki bokitinta da soso, don akwai akwatin wani otal da ke jiranta kafin azahar.